Ruwan lagireto na ta raguwa kuma babu inda yake yoyo, top gasket ne ya ƙone?

MaiJarMota

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin inji ku taimaka min da shawara dan kaina ya ɗaure. Motata mai silinda huɗu ce ta fetur, top ɗinta, wato kan injin da ke rufe silindu, na alminiyom ne, ta ɗan kwana biyu amma a da lafiyarta ƙalau. Kwanakin baya ina cikin cunkoso fankar lagireto ta daina juyawa, allurar zafi ta hau har ta taɓa ja kafin in samu gefen da zan tsaya, na kashe na barta ta huce da kanta ban zuba mata ruwa da zafinta ba. Mai wayarin ya duba yace rile ɗin fanka ne ya mutu, aka canza, fanka ta dawo aiki.

To tun daga ranar motar bata koma daidai ba. In na cika ruwa bayan 'yan kwanaki sai in tarar ya sauka sosai, kuma na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana babu ko ɗigo ɗaya, tiyoyi duk a bushe, kafet ɗin gaba ma a bushe yake. Da safe in na tada ta sai ta riƙa rawa kamar fulogi ɗaya baya ci, zuwa ɗan lokaci kaɗan sai ta daidaita, salansa kuma na fidda farin hayaƙi mai yawa da wani irin wari mai zaƙi-zaƙi. Tiyon sama na lagireto yana yin tauri sosai tun injin bai gama ɗumi ba, robar ajiyar ruwa wani lokacin ta cika har ta zubar alhali shi lagireton ruwansa yayi ƙasa. In ina hawa tudu ko na kunna AC allura ta ɗan wuce rabi, in na sauko ta dawo.

Amma baƙin mai tsaf yake, na zaro sandar awo na duba, na buɗe murfin mai na duba, babu alamar ruwa ko kaɗan. Bakanike ɗaya yace top gasket ne a buɗe kawai, wani kuma yace tunda mai bai haɗu da ruwa ba ai ba gasket bane, a cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji yayi zafi, a wanke lagireto zata daina. Ni kuma bana so a farke min inji a banza, bana kuma so in ci gaba da hawa in kashe shi gaba ɗaya. Ta yaya ake tabbatarwa kafin a kwance? In kuma shi ɗin ne me ya kamata in sa ido a kai wajen aikin? Nagode.

TsohonBakanike

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya kiyaye gaba. Da farko dai ka ajiye motar nan ka daina hawanta har a gano, zan faɗa maka dalili a ƙasa.

Maganar wai tunda mai bai haɗu da ruwa ba to ba gasket bane, ba haka take ba, kuma ita ke sa mutane da yawa su yi ta hawa har inji ya buga. Gasket ɗin nan da ke tsakanin top da bulok abu uku yake rabawa, wutar da ke ci cikin silinda, hanyoyin ruwa, da hanyoyin baƙin mai, to ya danganta da inda ya ci. In tsakanin hanyar ruwa da ta mai ya ci nan ne zaka ga mai yayi fari-fari yayi kauri. In tsakanin silinda biyu na kusa da juna ne ruwa ko raguwa ba zai yi ba sai dai mota ta rasa ƙarfi tana rawa. In ta waje ya ci zaka ga jiƙa a jikin bulok daidai ƙasan top. Naka kuwa bisa abinda ka lissafo ya fi kama da wanda ya ci tsakanin silinda da hanyar ruwa, kuma a irin wannan mai na iya zama tsaf na dogon lokaci.

Kaga yadda abin yake, lokacin da inji ke aiki matsin da ke cikin silinda in an taka yana iya kai bar 50 ko fiye (bar ma'aunin matsi ne), shi kuwa ɓangaren ruwa abinda murfin lagireto ke riƙewa bai wuce wajen bar 1 ba, saboda haka hayaƙin wuta ne ke kutsawa cikin ruwa, shi yasa tiyo ke tauri tun ruwa bai yi zafi ba, shi yasa kuma ruwa ke gudu ya cika roba ya bar lagireto, iska ce ta ture shi. In ka kashe mota kuma sai abin ya juya, silinda babu matsi, ruwa kuma da sauran matsinsa, sai ya riƙa tsatsa cikin silinda cikin dare, da safe ka tada fulogin ya jiƙe baya ci sai ya ƙone ruwan, wannan ita ce rawar safe da farin hayaƙin da kake gani. Haɗarin shi ne wata rana ruwan ya taru da yawa ka murɗa ki, ruwa baya matsuwa kamar iska, fiston ya taso ya same shi konrod, wato sandar da ke riƙe da fiston, ya lanƙwashe, daga aikin gasket an koma aikin inji sukutum. Ga kuma ruwan da ke bi ta salansa yana lalata sensar oksijin da katalis mai tace hayaƙi.

Duk da haka ba na goyon bayan a buɗe da ka kawai, a auna tukuna, kuma awon ba wuya.

Na farko wanda zaka iya da kanka, da safe injin a sanyaye sarai, kar ka taɓa buɗe murfin lagireto da zafi dan Allah, ruwan ya wuce digiri 100 zai watso maka a fuska. Ka buɗe ka cika ruwa har wuya ka tada, ka tsaya kana kallon bakin. Kumfa kaɗan da farko ba komai bane iskar da ta maƙale ce, amma in ka ga ƙwayoyin iska na ta fitowa ɗaya bayan ɗaya basa ƙarewa, ko wani ya ɗan taka totur ruwa yayi tsalle, to alama ce mai ƙarfi. Sai ka cire fulogai ka jera su yadda suke a inji, wanda ka ga ya fi sauran haske kamar an wanke shi to silindarsa ce ke shan ruwa, tururi ne ya wanke shi.

Na biyu shi ne awon ruwan shuɗi, wani bututu ne ake ɗorawa a bakin lagireto da wani ruwan magani shuɗi a ciki, a rage ruwan lagireto kaɗan dan kar ya tsotso shi, injin na aiki da ɗuminsa a riƙa matsa robar tana jan iskar da ke saman ruwa. In akwai hayaƙin wuta a ciki shuɗin zai koma rawaya a injin fetur, a na dizal ya fi komawa kore. In ya canza magana ta ƙare, hayaƙi na shiga ruwa. In bai canza ba kar a yi saurin wanke gasket, wani ƙaramin ci sai an ɗora wa inji nauyi yake buɗewa.

Sai awon kompireshan, wato matsin da kowace silinda ke riƙewa, injin da ɗumi, a cire fulogai duka, a kashe hanyar fetur da wuta, a take totur har ƙasa, a juya kowace silinda daidai wa daida. Abinda ake dubawa bambanci ne, bai kamata ya wuce kashi 10 cikin 100 tsakaninsu ba. Biyu na jere suka faɗi tare, gasket ne tsakaninsu. Ɗaya ta faɗi a zuba mata ɗan baƙin mai ta ramin fulogi a sake, in ta tashi sosai ringi ne, in bata tashi ba to bawul ne ko gasket. Wanda na fi yarda da shi kuma shi ne na hura iska, a kai fiston can sama bawuloli a rufe a hura iskar kompiresa ta ramin fulogi a saurara, in ta fito ta salansa bawul ɗin fita ne, in ta wajen shan iska bawul ɗin shiga ne, in ta murfin mai ringi ne, in kuwa lagireto ya fara kumfa ka ga silindar da idonka.

Kuma a sa famfon matsi a bakin lagireto a hura shi daidai lambar da ke rubuce a murfi a barshi, dan wani yoyon a waje yake amma kan abu mai zafi yake ɗiga ya bushe kafin ya kai ƙasa, kwalinka ba zai kama shi ba. Murfin ma a gwada shi, murfi da ya saki shi kaɗai yana zubar da ruwa ta roba. Wasu motocin suna da kular mai da ruwa ke ratsawa, na dizal suna da kular EGR mai sanyaya hayaƙin da ake mayarwa inji, duk suna iya kwaikwayon gasket. Abu ɗaya da duk awon nan ba zai raba maka ba shi ne gasket ne ko top ne ya tsage, alamarsu ɗaya, sai an sauke.

Dan_Hanya

Oga kafin ka shiga wannan dogon aikin akwai maganin da ake zubawa a lagireto a kwalba yake zuwa yana toshe gasket, na ga an zuba wa wata mota hayaƙin ya ɗauke kuma tana ta yawo. Sannan ni inaga maganar cire tamostat ɗin nan ba laifi bane in wajen da kake akwai zafi, ai dan masu ƙanƙara aka yi shi, a cire a haɗa fanka direk ta riƙa juyawa da an kunna mota shikenan ba ruwanka da obahitin.

YarGareji

Malam Dan_Hanya kayi haƙuri amma shawarar nan zata iya jawo masa asara. Tamostat ba dan masu ƙanƙara aka yi shi ba, an yi shi ne dan inji ya kai zafin aikinsa da wuri ya tsaya a nan, yawanci yana fara buɗewa tsakanin digiri 80 da 90 ne, kuma kwamfutar mota da wannan zafin take lissafin fetur, in injin kullum a sanyaye yake zata yi ta ƙara mai, fulogi yayi baƙi, ringi da silinda su riƙa cin juna da wuri. Sannan a injuna da yawa tamostat ɗin yana da wani faifai a gindinsa da ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji in ya buɗe, ka cire shi wannan hanyar ta zauna a buɗe wani ruwan yayi ta zagaye bai je lagireto ba, ka ga an cire dan sanyi an samu zafi. In ana zarginsa a jefa shi cikin ruwa a tafasa a ga ko yana buɗewa, in ya mutu a sa sabo. Kuma a matsalar wannan bawan Allah cire shi ba zai hana hayaƙi shiga ruwa ba, ɓoye alamar kawai zai yi allura ta daina hawa shi kuma ruwa na ci gaba da shiga silinda.

Maganin kwalba kuma ban ce bai taɓa riƙewa ba, a ɗan ƙaramin tsatsa yakan riƙe na wani lokaci, amma shi bai san ramin da kake so ya toshe da wanda baka so ba, siraran bututun lagireto da na hita su ma ramuka ne a wajensa. In mota ce da aka haƙura da ita ana so ta ɗan ƙara kwana to wannan daban, amma motar da mutum yake so ya ci gaba da hawa ban ga amfanin ba, in ma top ya lanƙwashe babu kwalbar da zata miƙe shi.

Kuma ina so mai tambaya ya gane dalilin da yasa zafi sau ɗaya ya isa. Alminiyom in ya ji zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda ƙarfen zubi ke buɗewa, to in top alminiyom ne bulok ƙarfe, kullum dama suna ɗan goga gasket a tsakaninsu, an ƙera shi ya jure wannan a zafin da aka saba. Ranar da allura ta taɓa ja top ɗin ya kumbura fiye da ƙima kusoshi kuma sun riƙe shi, sai ya murƙushe zoben gasket ɗin da ke kewaye da bakin silinda, in ya huce ya koma zoben baya komawa, ga rata ta samu, sau da yawa shi kansa top ɗin baya komawa a miƙe. Ko bulok ɗin ma alminiyom ne hakan na faruwa dan top ya fi ko'ina ɗaukar zafi, musamman tsakanin silindun tsakiya.

Wani abu kuma dan masu karantawa, farin abu a ƙasan murfin mai shi kaɗai ba hujja bane, motar da ake gajerun tafiye-tafiye da ita bata yin zafi sosai tana tara raɓa a wajen, haka farin tururi kaɗan da sanyin safiya wanda ke ɓacewa nan da nan. Kar kowa ya ga wannan ya ce a sauke masa top.

MaiJarMota

Nagode ƙwarai Baba TsohonBakanike da Hajiya YarGareji, Allah ya saka da alheri, Malam Dan_Hanya kai ma nagode. Na ajiye motar, an jawo ta gareji an yi awon. Ruwan shuɗin ya koma rawaya ba a daɗe ba, fulogin silinda ta uku fes yake sauran kuma da ɗan launin ƙasa, kompireshan ya nuna 180, 178, 150, 182 a ma'aunin matsi na psi, da aka hura iska a ta ukun lagireto ya kama kumfa a gabana. To yanzu za a sauke top. Bakaniken yace in kawo gasket kawai zai ɗaura a gama a yini ɗaya, kusoshin ma yace na jiki sun isa. Haka ne ko akwai abinda zan ce a ƙara?

TsohonBakanike

To Alhamdulillahi an gano kafin ta yi ɓarna. Amma maganar a kawo gasket kawai a ɗaura kar ka yarda, gasket shi ne mafi ƙanƙantar abu a aikin nan, abinda ke sa aiki ya riƙe ko ya dawo shi ne fuskar da za a ɗora shi a kai da yadda aka ɗaure.

Wajen kwancewa injin ya huce sarai tukuna, a cire kan batir, a juye ruwa da mai, a kai fiston na ɗaya sama a duba makin taimin, wato alamar da ke daidaita tafiyar fiston da bawuloli, a ƙara sa alama kafin a taɓa bel ko sarƙa. Kusoshin top, a mai silinda huɗu yawanci goma ne, ba a kwance ɗaya gaba ɗaya a koma na gaba, daga na gefe ake farawa a nufo tsakiya ana sassautawa kaɗan-kaɗan zagaye biyu ko uku, dan top da yake lafiya ma ana iya lanƙwasa shi wajen kwancewa. In ya ƙi ɗagowa kar a cusa sukundireba tsakaninsa da bulok a ɓanɓare, a duba ko akwai kusar da aka manta. In an ɗaga ka ce a nuna maka tsohon gasket ka duba wajen silinda ta uku da kyau, ya kamata ka ga inda ya ci, baƙin layi ko zoben ya karye. In gasket ɗin lafiya lau yake babu tabo to hankalinka ya koma kan tsagewa.

Daga nan top ya tafi wajen masu injin fesin, wato masu gurje fuskar top ta daidaita, wannan ba zaɓi bane ga injin da ya taɓa ja. Za su ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a fuskarsa a tsaye da a kwance da kusurwa zuwa kusurwa suna zura filageji, siraran ƙarafan auna rata, a ƙasa, injuna da yawa iyakar da aka yarda tsakanin milimita 0.05 ne zuwa 0.10, wajen kaurin gashin kai ɗaya kenan, ido baya gani, duk wanda ya shafa da hannu yace maka a miƙe yake bai auna ba. Ka ce su yi masa gwajin tsagewa ma, a toshe hanyoyin ruwa a hura iska a tsoma shi cikin ruwan zafi a ga ko zai yi kumfa, an fi samun tsagewa tsakanin mazaunin bawuloli ko kusa da ramin fulogi. In za a yi fesin a ɗebe iya abinda ya zama dole, kowane top yana da iyakar kaurin da ba a wucewa, in an ci da yawa kompireshan ya hau, taimin ya ɗan goce, bawul ya matso kusa da fiston. Kuma in lanƙwasar ta yi yawa ka tuna sama ma ta lanƙwashe ba ƙasa kaɗai ba, a ɗora kamshaf, sandar da ke buɗe bawuloli, a mazauninsa a juya da hannu, in yana kamewa to gyaran fuska kaɗai bai wadatar ba, gara a nemi wani top ɗin. Tunda yana ƙasa a canza robobin bawul a duba zaman bawulolin gaba ɗaya. Fuskar bulok ita ma a auna ta da wannan ƙarfen, mutane na mantawa da ita.

Wajen share tsohon gasket daga bulok a bi a hankali da abin kankara na roba, banda sanfefa mai kaushi banda faifan gurza na injin hannu, yana cin fuskar ba daidai ba kuma garinsa in ya gangara hanyar mai metal yake ci, wato shimfiɗar da ƙarafan inji ke juyawa a kai. A toshe ramukan da tsumma mai tsafta. Ramukan kusoshi kuma, nan ne aiki da yawa ke lalacewa, dole a busar da su a hure da iska, in ruwa ko mai ya kwanta a gindin rami ka ɗaure kusa a kai sifanar zata nuna ya ɗauru alhali ruwa ya tokare, wani lokacin har bulok ya tsage. A gwada kowace kusa ta shiga da hannu sumul.

Maganar kusoshi ka duba littafin injin. Yawancin injunan zamani kusoshinsu irin masu miƙewa ne, ana ɗaure su zuwa wani ma'auni sannan a ƙara juyi da digiri, kamar 90, wani injin sau biyu, wannan juyin yana ja musu tsawo da gangan. Wasu kamfanonin sun ce a zubar a sa sababbi duk lokacin da aka kwance, wasu sun ba da awon tsawo ko kaurin da in bai wuce ba za a iya maimaitawa. In babu mai aunawa ka sayi sababbi hankalinka ya kwanta. Kuma dole sifanar tork mai auna ƙarfin ɗauri, ɗaurin hannu da bututun ƙarfe ana cewa ya ji ba aiki bane a nan, in bakaniken bashi da ita ya aro ko ka canza waje. Ana farawa daga tsakiya a fita gefe ana zagayawa, mataki-mataki yadda littafi ya jera, da ɗan shafin mai a zaren kusa da ƙasan kanta in haka littafin ya ce.

Shi gasket ɗin ka nemi mai kyau daidai lambar injinka, a ɗora shi kan tsoho a ga ramuka sun dace, akwai rubutu a jikinsa da ke nuna gefen sama, in aka kifa shi a wasu injunan yana rufe hanyar da mai ke hawa top. In irin na ƙarfe ne mai falle-falle a bushe ake sa shi, banda gam banda giris, da rufinsa yake zuwa, gam sai ɗan wuraren da littafi ya nuna kamar mahaɗar murfin taimin. In an gama haɗa taimin a juya injin da hannu zagaye biyu cikakku a ga maki ya dawo daidai babu inda ya tokare kafin a taɓa ki, dan a injuna da yawa haƙori kaɗan ya goce fiston zai daki bawul.

MaiSifana

Baba ya gama magana, ɗan ƙari kawai zan yi. In ana ɗaure kusa aka ji ɗaya tana ta juyawa bata kamawa a tsaya nan take, zaren cikin bulok ne ya tafi, an san wasu injunan bulok ɗin alminiyom da wannan, misali injin Toyota 2AZ-FE na shekarun farko, kuma gyaransa a sa zaren ƙarfe na musamman a ramin, ba a cusa kusa mai kauri da ƙarfi ba. Tun wajen kwancewa ma in aka ji wata kusa ta zo da sauƙi fiye da sauran a lura da raminta.

Sannan kar a manta abinda ya fara kawo zafin. An canza rile, to a tabbatar fanka na tashi da kanta in zafi ya kai da kuma in an kunna AC, a sa sabon tamostat da sabon murfi mai lamba irin ta asali, a duba wata-famfo, in bel ne ke jan taimin kuma ya kusa lokacinsa a canza tunda an riga an buɗe, tiyon da ya sha matsin nan in ya kumbura ko yayi laushi a cire shi, lagireto a wanke a ga ba a toshe yake ba. A zuba kulan, ruwan maganin sanyaya inji, na gaske rabi da rabi da ruwa mai tsafta, ba ruwa zalla ba, ruwa zalla yana kawo tsatsa yana cin alminiyom har bakin gasket ɗin. Tsohon kulan da aka juye kar a barshi a buɗe a ƙasa, guba ne kuma yana da zaƙi, yara da dabbobi na iya sha.

Wajen cikawa a fitar da iska sosai, a buɗe hita zuwa zafi, in akwai kusar fidda iska a sassauta ta har ruwa ya fito ba kumfa, a bar injin yayi zafi fanka ta tashi ta tsaya, a bari ya huce a sake cikawa. Iska in ta maƙale a top sabon gasket ɗin ma zai iya tafiya. Sabon mai da filta kafin a tada, kuma ni ina son a sake juye shi bayan ɗan gajeren amfani dan duk yadda aka kiyaye sai wani ruwa ko datti ya gangara ƙasa lokacin aikin. In ka ga farin hayaƙi a tashin farko kar ka tsorata, ruwan da ya taru a salansa ne yake ƙonewa, zai ɗauke in an ɗan yi tafiya.

MaiJarMota

Allah ya ƙara basira, na karanta wa bakaniken duka ya yarda za a kai top ɗin awo, sifanar tork ma yace zai karɓo. Tambaya ta ƙarshe, na ji ana cewa bayan an yi 'yar tafiya sai an koma an ƙara ɗaure kusoshin top, haka ne? Kuma ta yaya zan san aikin ya riƙe?

TsohonBakanike

Wancan na tsofaffin injuna ne masu gasket mai laushi da ke ƙara kwanciya bayan ya sha zafi. In naka na ƙarfe ne kuma kusoshin na digiri ne ba a sake taɓa su, sai in littafin injin ne da kansa ya ce a yi. Kafin ka karɓi motar a maimaita awon ruwan shuɗi da kompireshan, ta ukun ta dawo kusa da 'yan uwanta. Bayan nan ka sa alama a jikin robar ruwa da safe injin a sanyaye ka riƙa dubawa kullum a wannan lokacin, kwanakin farko zai iya ɗan sauka sau ɗaya saboda ragowar iska, ka cika, daga nan ya kamata ya tsaya cak, tiyon sama kuma da safe ya matsu a hannu kafin ka tada. In ya ci gaba da sauka ko rawar safe ta dawo ka mayar da ita a sake hura iska a ta ukun kafin ka yi doguwar tafiya da ita.